Tsohon Ya Gaji

Zuwa ga Yayana ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta tarar da jirginku ya zo gaɓa, kana lafiya, teku ba ta jijjiga ka ba. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na je na duba Gwaggo. Gwiwar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ba sanda. Ta ce in gaya maka ka rame a hoton da ka aiko, wai ko a jirgin naku ba a ɗora tukunya ne.

Baba kuwa jikin da sauƙi, hannun ne dai. Rawar da ka sani ta ƙaru, kofin shayi ma sai ya tallabe shi da hannu biyu. Yanzu ni ke riƙe ƙarfen dalma, shi yana tsaye a kaina da gilashi a karan hanci yana cewa, "A'a, ba nan ba, ƙafar da ke gefe." Kada ka yi dariya. Ƙanwar taka da kake yi wa tsiya wai ba ta iya sa batir a tocila ba, yau ita ce mai gyara a gidan rediyon manoma.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na'urar watsa shirye-shiryen da Baba ya haɗa da hannunsa, wadda ka taya shi naɗa wayoyinta kafin ka tafi, ta fara yawo. Da safe muna nan daram a zangonmu. Da rana ta ɗaga, ɗakin ya ɗau zafi, sai mu riƙa zamewa a hankali har mu hau kan wani babban gidan rediyo na birni. Mutane sai su yi ta murɗa akwatinsu suna binmu. Wata mata ta ce min tana cikin jin farashin hatsi sai ga labarin ƙwallo ya faɗo mata. Jami'in hukumar da ke kula da gidajen rediyo ya zo da na'urar awonsa, ya wuni a nan, ya ce in ya dawo ya tarar ba mu gyara ba, kwaɗo zai sa a ƙofa.

Baba ya bi sawun matsalar har sashen da ke haifar da zango, wanda kuke kira osileta. Ya ce ɗan dayod ɗin nan ne, barikaf, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, wanda in an ƙara masa wuta ko an rage sai zango ya motsa. Irinsa an daina yi. Na kamfani mai kyau kuma, da 'yan kwamitin gidan rediyon suka ji tsadarsa suka ce ba su da hali. A kasuwa ga su nan tuli a cikin roba, araha kamar a ba ka kyauta, lambobinsu iri-iri. Wanne zan ɗauka? Baba ya ce kada in dame ka, kana da aikinka. Ni dai na dame ka. Na kwafa maka zanen sashen a bayan takardar nan.

Ka aiko amsa ta adireshin gidan rediyo, ta fi saurin zuwa.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Injiniya 'yar Kawu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na yi murna ƙwarai. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, an riga an fara kwance igiyoyi, kuma mutumin da zai kai min ita gidan waya yana tsaye yana duba agogo. Ki ce wa Inna ina cin abinci, mai ɗaukar hoton ne bai iya ba. Ki gaida Kawu da kyau, ki ce ya riƙa hutawa.

Maganar da kika kawo kuwa, ba sai an ja ta ba. Tsohon ya gaji. Ya daɗe yana shan zafi a ɗakin nan, ba zai ƙara riƙe muku tasha ba. Kada ku tsaya lallaɓa shi. Ku cire shi ku sa sabo, shi ne kawai magani.

Juya bayan takardar.

Na kasuwa ki yi hattara da su. Da yawansu jabu ne, dayod ɗin caja ake goge lambarsa a buga wata. Gara ki bi masu gyaran talabijin, ki karɓi tsofaffin da suka jefar. Inda wayar eriya ke shiga akwai ɗan akwatin ƙarfe, ki ɓalle murfinsa, za ki ga barikaf masu kyau a ciki, kuma ba mai sayar miki da su da tsada. Yadda za ki tantance su zan rubuto miki in mun sake tsayawa. Tafiyar wannan karon doguwa ce.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama. Muna nan da rai. Gwaggo lafiya. Ban da ƙarfin doguwar gaisuwa yau, ka yafe ni.

Me ka rubuto mana haka?

Takardarka ta zo ranar da kwamiti ke zama. Da yake adireshin gidan rediyo ne a jiki, Shugaba ya ɗauka ta aiki ce, ya farke. Akwai abin da ban gaya maka ba, don ban so ka damu. Tun da hannun Baba ya fara rawa, 'yan tasha suka koma kiransa Tsoho. Da farko da wasa, daga baya ya zama suna. Kuma an jima ana ƙus-ƙus cewa matsalar ba ta na'ura ba ce, ta mai na'urar ce.

Ina bakin ƙofa na kawo musu ruwa. Baba yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga. Shugaba ya gyara murya ya ce, "To, ga ma ɗan gida, wanda ya san aikin fiye da mu, ga abin da ya ce." Ya karanta a fili. Tsohon ya gaji. Ya daɗe yana shan zafi a ɗakin nan, ba zai ƙara riƙe muku tasha ba. Ku cire shi ku sa sabo. Bai juya takardar ba. Ya ninke ta ya ajiye.

Ma'aji ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Mai karanta labarai ya kalli silin. Ni kuwa bakina ya mutu, tiren yana hannuna.

Baba ya ce, "Ka gama?"

Shugaba ya ce, "Ai ba mu muka faɗa ba."

Baba ya sa hannu a aljihu. Ka san yadda hannun yake, sai da ya daɗe yana fama kafin mukullan su fito, kowa yana kallo, ba wanda ya ce ya bari. Ya ajiye su a kan tebur, ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai da suka watse na ɗauki takardar na ga bayanta. Na bi Shugaba har bakin titi na nuna masa. Ya karanta ya ce, "To, ko ma dai me yake nufi, ai magana ta riga ta fito." Na kai wa Baba gida, ya ce in ajiye masa a kan taga. Tana nan har yau, bai taɓa ba. Ba ya fita sai masallaci. Rediyon da ke gefen gadonsa, wadda ba ta taɓa yin shiru ba tun ina yarinya, ya zare batirinta.

Na san dayod kake nufi. Na sani. Amma wani lokacin in na sake karantawa sai zuciyata ta ce, me ya sa ka ce ya riƙa hutawa, sannan layi na gaba ka ce tsohon ya gaji? Ka gaya min gaskiya. Idan ra'ayinka ke nan, gara in ji daga bakinka.

Aikin ya dawo kaina ni kaɗai. Don gaggawa na saɓa maganarka na sayo na kasuwa. Na farko da na sa, na'urar ta ƙi tashi sam. Na biyu ta tashi, amma muryar mai labarai kamar daga cikin gwangwani, kuma yawon ya fi na da. Na mayar da tsohon, ina nufin dayod ɗin. Ka ga yadda ka mayar da ni, ina tsoron kalma.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Shirun ya yi yawa. Kullum na ji babur ɗin mai kawo wasiƙu sai in fita, sai ya ɗaga min hannu ya wuce. Gwaggo ta ce ruwa ne ya riƙe ka.

Jami'in ya dawo, ya auna, ya sa kwaɗonsa. Bai yi mana wulaƙanci ba. Ya bar ni na ciro sashen osileta da na'urar ƙirga zango na kawo gida, ya ce ranar da na gyara in aika masa. Tun ran nan wurinmu a rediyo sai shuuu.

Ban san nauyin tashar nan ba sai da ta yi shiru. Masu allurar dabbobi sun zo sun zauna a inuwa har la'asar, garke kaɗan suka samu, don ba a ji sanarwa ba. Wata tsohuwa ta zo daga ƙauye da sanarwar rasuwar mijinta, tana so 'yan'uwansa na nesa su ji. Ta tarar da ni a bakin ƙofa ga kwaɗo. Ta ce, "'Yar nan, to wa zai gaya musu?"

Abin da ya fi wannan shi ne Baba. Ya faɗi a banɗaki da safe. An kai shi asibiti, an ce jini ne ya hau. Ɓangaren hagu ya yi nauyi, magana tana fita amma a hankali, sai ka kasa kunne. Yanzu yana gida a kwance. Gwaggo ta tare a wurinmu tana jinyarsa. Jiya na same ta a kicin tana kuka, ta ce, "Yaron nan ƙanena ne ya riƙe shi tun ubansa ya rasu, shi ya sa masa sukurdireba a hannu. In har shi ya faɗi wannan magana, da wane ido zan dubi ɗan'uwana?" Na nuna mata bayan takardar, na yi mata bayani. Ta ce ita ba ta san dayod ba, ta dai san ɗanta ya yi shiru.

Na bi masu gyaran talabijin kamar yadda ka ce. Na tara barikaf cike da murfin kwalba, yatsuna duk ƙuna. Wasu in na sa sai zango ya haye sama can inda ba namu ba, wasu ya faɗo ƙasa. Ban san yadda ake zaɓa ba. Na kai murfin gaban Baba, ya juya fuska bango.

Don Allah ka rubuto, ko layi ɗaya ne. Amma ka karanta shi sau biyu kafin ka rufe.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Yau muka zo gaɓa, aka miƙo min takardunki biyu tare. A tsaye na karanta su a bakin matakala, sai da wani abokin aiki ya kama ni ya zaunar. Injin jirgi ne ya lalace muka daɗe a tsakiyar ruwa. Ina can ina lissafin kun gyara tasha kun manta, ashe ga abin da hannuna ya jawo.

Wallahi, wallahi, dayod nake nufi. Ban san suna kiransa da wannan suna ba. Da na sani da na karya biron. Ki gaya wa Inna haka, ki ce na rantse mata. Na sa takarda ta daban ga Kawu, ki karanta masa da bakinki, kada ki ba kowa.

A cikin ƙullin nan akwai barikaf masu ƙafa uku. Na ciro su daga tsofaffin rediyon mota a wurin wani mai gwangwan. Kowanne biyu ne a haɗe baya da baya, kuma don irin zangonku aka yi su, murya za ta fi fita tas. Na talabijin ɗin ma kada ki zubar. Ga yadda za ki gwada kowanne. Ki sa shi, ki ba sashen wuta daga batir mai kyau, ki bar shi ya natsu. Sannan ki kawo ƙarfen dalma kusa da shi, kusa kawai, kada ya taɓa, idonki a kan na'urar ƙirga zango. Wanda lambobi suka ruga da gudu, ki jefar. Wanda suka ɗan motsa suka dawo da ya huce, ki ware shi gefe. Ki kuma duba wutar da ke zuwa masa, in ita ke rawa, ko na zinariya kika sa sai ya yi yawo.

Akwai inda sanina ya tsaya. Duk wanda kika zaɓa, sai an taɓa naɗin wayar da ke gefensa kafin zango ya zauna a wurinku, kuma wannan naɗin ba ya cikin zanen da kika aiko.

Yaya jikin nasa yanzu? Yana cin abinci? Ki rubuto min komai, kada ki rage.

Yayanki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina durƙushe. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kawu, maganar da aka karanta a gabanka, a kan dayod na yi ta. Gaggawa ta sa ban ambaci sunansa ba. Ban taɓa cewa a cire ka ba, ba zan taɓa cewa ba, kuma ba ni da bakin da zan faɗa. Duk da haka ni na rubuta, da rubutuna aka ci maka fuska a gaban mutane. Ka yafe min.

Ina da roƙo. Na aiko da barikaf, amma naɗin wayar osileta kai ka yi shi, ni riƙe maka bakin waya kawai na yi. Ban san ko buɗa shi za a yi ko matsewa ba, kuma in aka yi kuskure ba mai sake naɗa irinsa. Ka duba mata, ko daga kwance ne.

A jirgin nan duk wanda ya ga yadda nake ɗaure waya sai ya tambaye ni inda na koya. Ina gaya musu.

Ɗanka.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ƙullinka ya iso, komai yana ciki. Gwaggo ta sa na karanta mata inda ka rantse har sau biyu, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce in gaya maka ta ji.

Na karanta wa Baba tasa da hantsi, bayan na ba shi magani. Idonsa a rufe har na gama. Na zaci barci ya yi. Can sai ya ce, "Kawo."

Na ce, "Takardar?"

Ya ce, "Sashen."

Na jawo teburin cin abinci gefen gado, na jera komai. Gwaggo tana faɗa wai za mu ƙona mata zanin gado. Na riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ina kawo ƙarfen kusa, shi kuma an jingina shi da filo yana kallon lambobi. In ya ga sun ruga sai ya ce, "Banza." In sun ɗan tsaya sai ya ɗaga yatsa. Na kasuwa duk banza ne. Cikin na talabijin an samu masu kyau, amma sun haye sama da zangonmu. A ƙarshe ɗaya daga cikin masu ƙafa ukunka ya zaɓa. Zango ya tsaya cik, sai dai ya faɗo ƙasa da wurinmu. Ya sa na ɗauko tsinken ashana, ya ce in buɗa naɗin wayar daga tsakiya. "Kaɗan. Ƙara. Tsaya!" Wallahi wannan tsaya ɗin da ƙarfinsa na da ta fito, har Gwaggo ta leƙo.

Jami'in ya zo ya wuni, rana ta take ta sauka, ba mu gusa ba. Ya cire kwaɗonsa. Mun dawo aiki.

Shugaba ya zo gida da mukullai a hannu, da Ma'aji a bayansa, suna ta ba da haƙuri wai rashin fahimta ce. Baba ya amsa gaisuwarsu, ya ce su ba ni mukullan. Da suka tafi na ce, "Baba, ka ga ai Yaya ba kai yake nufi ba."

Ya daɗe kafin maganar ta haɗu. Ya ce, "Na sani tun ranar. Wa zai kira ni mai shan zafi a ɗaki? Na san yaren ɗana."

Na ce, "To me ya sa ka ajiye mukullai?"

Ya ce, "Na duba ɗakin ne. Ina jira wani ya ce ba haka ba ne. Mutanen da na yi wa aiki tun suna samari. Ba wanda ya ce." Ya dube ni. Ni ma ina ɗakin ranar, Yaya, da tire a hannu. Na kife kaina a gefen gadon na yi kuka, shi kuma ya ɗora hannun nan mai rawa a kaina ya bar shi a nan.

Ya ce in gaya maka babu komai tsakaninku, bai taɓa riƙe ka ba. Ya ce kuma zaɓinka na rediyon mota dabara ce, shi bai kawo ta a ransa ba.

Ka ce kada in rage maka komai, to ga sauran. Abinci sai cokali kaɗan. Ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya kwanta sosai. Likita ya zo shekaranjiya, da zai tafi ya kira ni waje, ya tambaye ni ko akwai na nesa da ya kamata a sanar. Na ce akwai ɗaya. Ya ce to a sanar da shi yanzu.

Baba bai ce ka zo ba, ka san ba zai faɗa ba. Amma ya tambaye ni ko jirgin naku yana barin mutum ya sauka kafin aikinsa ya ƙare, kuma da aka buga ƙofa jiya sai da ya yunƙura zai tashi zaune.

Kada ka ba ni amsar wannan takarda. Ka je wurin shugaban jirginku, ka gaya masa mutumin da ya rene ka yana kwance. Ka taho.

Ƙanwarka.